Ɗaurin da Ɗangoggo Bai Kwance Ba

Juwairiyya ta kai shekara goma sha takwas kafin ta ji sunan Ɗangoggo, kuma ba a bakin kowa na gidansu ta ji shi ba. A bakin maƙwabciyarsu Christina mai sayar da doya ta ji, wata Talata da hantsi, ranar da ɗan ragonta ya karye.

Gidansu yana Mararaba, can ciki bayan kasuwa, inda kwalta ta ƙare aka shiga lungu. Tunkiya ɗaya gare su. Abbanta Malam Musaddiq ne ya saya mata da ta gama sakandare, wai ta samu abin yi kafin sakamako ya fito. Tunkiyar ta haifi ɗan rago fari mai baƙin kunne. Yana da sati uku aka bar ƙofa a buɗe, ya fita da tsalle-tsallensa, ya zurma ƙafar baya ta hagu cikin tsagar kwalbati, ya fizga. Da aka ɗauko shi ƙafar lilo take yi kamar igiya.

Christina ta leƙo ta kan katanga, ta duba, ta ce da irin Hausarta ta mutanen Bwari, "Kar ku yanka wannan, ƙarami ce. Ku kai shi ƙauyenmu wurin Baba Ɗangoggo. Ita ce ta ɗora akuyar babana, yanzu har katanga yake hawa."

Umma tana zaune a kan benci tana tsince shinkafa. Hannunta ya tsaya cak a cikin farantin. Sai ta ce a kira mahauci, ta miƙe ta shiga ɗaki, ƙafar robarta tana ƙis-ƙis a kan siminti, ta saki labule. Ranar ba a dafa shinkafar ba.

Sunan Umma Zaituna. Tun Juwairiyya tana rarrafe ta san uwarta da ƙafa ɗaya ta jini ɗaya ta roba, don an yanke ta hagun daga ƙasan gwiwa tun tana yarinya. In baƙo ya tambaya sai a ce ƙaddara ce, a rufe zancen. Abin da ya ƙi rufuwa shi ne ciwon. Duk sa'ad da hadari ya haɗu, Umma takan cire robar ta jingine a bango, ta zauna tana kallon tabarma daidai inda tafin ƙafar ya kamata ya kasance, ta ce yana matse ta. Ba dungun take nufi ba. Can ƙasa take nufi, idon sawu da yatsu, wurin da babu komai sai iska. Su kuwa 'yan gidan amsarsu ɗaya ce kullum: sannu Umma, yi haƙuri. Sai ta kau da kai.

Juwairiyya ce mai ajiyar gidan. Da kakarta Inna Saudatu za ta rasu, ita ta bar wa gwangwanin biskit mai ɗauke da tsofaffin hotuna da katunan haihuwa, don ita ce mai yawan tambayar wane ne wannan, wa ya haifi wancan. A ciki akwai hoton Umma tana 'yar shekara bakwai, tsaye da ƙafafunta biyu cikin takalmin roba. An bi gefen hoton da almakashi an cire mutumin da ke kusa da ita, amma almakashin ya bar hannunsa a kan kafaɗarta, hannu mai dogayen yatsu, ƙaramin yatsan a karkace. Ta taɓa tambayar Inna hannun wa ke nan, Inna ta ce na wanda ba ya nan. Ita kuwa ta ɗauka ya mutu ne.

Da yamma Abba ya dawo daga rumfarsa ta robobi da kuloli da ke kusa da kasuwar kifi ta Kado. Ya ji abin da ya faru, ya leƙa ɗakin Umma, ya fito, ya kira Juwairiyya ƙofar gida.

"Ɗangoggon da Christina ta faɗa kakanki ne," ya ce. "Mahaifin Ummanki. Yana nan da ransa."

Ya gaya mata a taƙaice, yana kallon ƙasa. Maɗori ne, shi ya ɗora Umma da ta karye, ƙafar ta ruɓe a hannunsa aka yanke. Inna Saudatu ta ɗauke 'yarta daga asibiti ba ta sake taka gidansa ba. Shekara talatin da 'yan kai ke nan. Duk watan azumi tsohon yakan zo rumfa, ya ƙi zama, ya ce a gaya wa Zaituna yana neman gafararta. Duk shekara Abba yana isar da saƙon, duk shekara Umma takan ce ta ji, shi ke nan.

"Bana da ƙyar ya hau dakalin rumfar. Ina tsoron ya tafi da abin nan a wuyansa, ita kuma ta zauna da shi a nata."

Bai ce ta je ba, bai ce kar ta je ba. Ya dai ce ya hana mahauci zuwa, kuma akwai kwalin taliya babu komai a ciki a bayan ƙofa.

Washegari Umma ta gan ta tana shimfiɗa tsumma a kwalin. Ba ta tambaye ta inda za ta ba. Ta ce kawai ta tatsi nonon uwar a gora, zai ji yunwa a hanya.

Mota uku ta hau kafin Bwari, kwandastan farko har yana tambayarta ko oga na cikin kwali shi ma zai biya kujera. Daga Bwari ta hau babur ya bi da ita hanyar ƙasa tsakanin gonakin doya da duwatsu. Gidan yana ƙarshen ƙauyen, ɗaki biyu na laka da rufin kwano, da garken tumaki da ya fi gidan girma. Tumakin duk farare ne.

Tsohon yana zaune a gindin mangwaro yana feƙe gora da wuƙa. Dogo ne, ya rame, hularsa ta koɗe. Kafin ta kalli fuskarsa hannun ta gani, dogayen yatsu, ƙaramin a karkace. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa, ya ɗago kai, ya dube ta, wuƙar ta tsaya. Bai tambayi sunanta ba.

"Amarya ta zo da gararta a kwali," ya ce, irin wasan da kaka ke yi wa jika. Sai kuma ya sunkuyar da kai kamar wanda ya taɓa abin da ba nasa ba. Can ya ce, "Kawo majinyacin mu gani."

Ya wanke hannu, ya yi bismilla, ya kwantar da ɗan ragon tsakanin gwiwoyinsa, ya ce ta ba shi yatsa ya tsotsa don hankalinsa ya ɗauke. Ya bi ƙashin da babban yatsansa daga sama har ƙasa, idonsa a rufe. Ya ce an yi sa'a fata ba ta fashe ba, karaya ɗaya ce, kuma ƙashin yaro kamar ɗanyen kara yake, ba ya wuyar kamawa. Ya riƙe sama da hannu ɗaya, ya ja ƙasa a hankali, a hankali, har ɗan ragon ya saki yatsanta ya tsala kuka, sai kuma ya yi shiru, ƙafar ta miƙe. Ya shafa man kaɗanya, ya naɗe da auduga mai kauri, ya jera karan ɗori huɗu na gora waɗanda ya goge bakinsu don kar su ci fata, ya bi da tsumma ya ɗaure. Kofaton ya bar shi a waje. Da ya gama ya zura ƙaramin yatsansa ƙarƙashin ɗaurin, ya zare, ya sake zurawa ta wani gefen. Sau biyar ta ƙirga.

Ya ce safe da yamma ta kama kofaton ta ji ko da ɗumi, ta kai hanci ta sansana, ta zura yatsa. Ya ce kumburi yakan zo a kwana na uku ko na huɗu, ɗaurin da ya yi daidai yau zai iya shaƙe ƙafar jibi. In ɗan ragon ya canza kuka, ta yarda da shi. Bayan sati uku ta dawo da shi a kwance.

Za ta tafi hadari ya taso, ruwa ya tsuge, suka fake a ɗakinsa. A nan, ƙarar ruwa a kan kwano tana rufe rabin muryarsa, ya ba ta labarinsa ba tare da ta tambaya ba.

Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Zariya. Uwarsa ta rasu yana goye, ƙanwar ubansa ta raine shi, shi ya sa sunan Ɗangoggo ya binne na yankansa. Ɗori gadon gidansu ne, kaka da kakanni. Ya zo Abuja da ƙuruciyarsa lokacin da ake ta gine-gine, ya shiga leburanci, ya zauna a tsohuwar unguwar Kado tun tana bukkoki. Ranar da wani birkila ya faɗo daga bene ya ɗora shi a wurin, daga nan aka san shi. Masu ɗaukar bulo, 'yan acaɓa, matan kasuwa, duk wanda ya karye gidansa ake kaiwa.

Gidansu suna da hanyarsu ta aiki wadda ya gada bai taɓa tambayar dalilinta ba. In an kawo wanda ya karye, sai a kamo kaza a karya mata ƙafa daidai inda ta mutumin ta karye, a ɗora su tare, a ɗaure su tare. Daga nan ba a taɓa ɗaurin mutum, don kar a ta da ƙashi. Kazar ake dubawa. In tana ci tana sha, mutum yana lafiya, ranar da ta taka ƙasa ranar za a kwance shi. Baƙo kaza ake karya masa. Ɗan gida kuwa an fi ƙarfin kaza, sai a karya masa tunkiya, mace ga mace, namiji ga namiji.

Zaituna tana da shekara tara ta faɗo daga bishiyar kashu. Sunan uwarsa ta ci, shi ya sa bai taɓa kiran sunanta ba, Mamana yake ce mata. Ya je ya sayo 'yar tunkiya fara mafi kyau a kasuwa, ya karya mata ƙafar hagu da hannunsa, ya ɗora su su biyu. Don tsananin so ya ƙara wa ɗaurin 'yarsa ƙarfi, kar ƙashin ya goce ta girma da ɗingishi.

"'Yar tunkiyar ta warke sarai," ya ce. "Kwana na uku tana cin dusa. Kwana na shida tana dogara ƙafar. Ni kuwa ina murna."

Kwana na takwas Saudatu ta jira ya tafi masallaci ta sa reza ta yanke ɗaurin. Bai kwatanta wa Juwairiyya abin da aka gani ba. Ya ce dai likitan da ya yanke ƙafar yaro ne ƙarami, bai zage shi ba, tambaya ɗaya ya yi masa: Baba, ba ta yi kuka ba ne? An naɗe ƙafar a farin ƙyalle an miƙa masa, ya kai ta bayan gidansu na Kado ya binne a gindin wata ɗorawa. Daga baya rusau ya tashe su, yanzu wurin katangar wasu manyan gidaje ce mai waya a sama. Duk azumi in ya bar rumfar Abba can yake zuwa ya tsaya, har masu gadi sun san shi.

Tun daga ranar bai sake ɗora mutum ba, bai sake karya wani abu mai rai ba. In an kawo masa yaro sai ya tare a ƙofa ya ce asibiti, ko da za a zage shi. Dabbobi kawai yake ɗorawa, waɗanda suka karye da kansu. 'Yar tunkiyar nan kuwa bai yanka ba, bai sayar ba. Shekara goma sha ɗaya ta yi ta mutu don kanta, kuma duk fararen da ke garken nan jikokinta ne. Ba ya cin namansu. Ya ce har gobe, tsakanin azahar da la'asar, lokacin da gari ya yi tsit, yakan ji ƙwas, ƙwas, ƙarar karan ɗori yana bugun ƙasa a bayansa. In ya waiwaya tumakin duk suna kwance.

Ruwa ya ɗauke. Ya raka ta har bakin hanya, bai ba ta saƙo ba, lafiyar Mamansa kawai ya tambaya. Juwairiyya ta ce lafiya lau, sai dai in hadari ya haɗu takan ce ƙafar tana matse ta. Ya tambaya wace ƙafar. Ta ce wadda babu. Ya tsaya a tsakiyar hanya cikin taɓo, har mai babur ya gaji da yi musu hon.

A gida Umma ba ta kalli ɗan ragon ba. In zai bi ta gabanta yana jan karan ɗorinsa sai ta juya baya. Juwairiyya tana dubawa safe da yamma kamar yadda aka ce mata. A rana ta huɗu Abba ya aike ta Nyanya karɓo kaya, cunkoson motoci ya riƙe ta har bayan la'asar. Tana shigowa ta ga ƙafar roba a yashe a tsakar gida. Umma tana zaune dirshan a ƙasa bakin turke, ɗan ragon a cinyarta, tsumman a warware, karan ɗorin huɗu a jere a gefe. Ta rungume kofaton da tafin hannunta biyu tana hura masa iska.

"Tun azahar yake kuka yana faɗa," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Kofaton ya yi sanyi. Yanzu ya fara dawowa."

Juwairiyya ta tsugunna za ta taimaka, Umma ta ce ta riƙe mata kan kawai. Ta gyara audugar, ta mai da karan kowanne mazauninsa, ta naɗe, ta ƙulla da hannun hagu, don ita bahaguwa ce, ta cusa bakin tsumman ta ƙasa ya fito sama. Ta zura yatsa ta zare. Ashe tana yarinya ita ke yaga wa mahaifinta tsumma, ita ke ɗaure ƙafar kaji.

A nan zaune Umma ta faɗi nata rabin, sau ɗaya tak, ba ta kuma maimaitawa ba. Ta ce ba ƙafar ce ta hana ta yafewa ba, ta san bai yi da gangan ba. Kwana takwas tana kiransa, Baba ya matse ni, Baba yatsuna sun mutu. Duk kiran da ta yi yakan taso da sauri, ya tsaya a bakin ƙofa, ya juya ya fita wurin turke ya duba 'yar tunkiyar, ya dawo fuskarsa a sake.

"Sai ya ce, Mamana yi haƙuri, tana cin abinci. Taku uku ne tsakaninsa da ƙafata. Bai taɓa ɗaga zanen ya duba ba."

Juwairiyya ta tuna sau nawa ita da kanta ta ce wa matar nan yi haƙuri, ta rasa inda za ta sa idonta.

Sati uku suka cika ta mai da ɗan ragon Bwari, wannan karon da ƙyar ya zauna a kwalin. Ɗangoggo ya ƙara ramewa, yana tari. Ya ɗora shi a cinya zai kwance, ya kai hannu kan ƙullin, ya tsaya. Ya juya ƙafar ya duba ta ɗaya gefen. Ƙullin gidansu ne, amma bakin tsumman hagu ya kalla, kuma mutum ɗaya ya taɓa sani mai ƙulla shi haka. Juwairiyya ta gaya masa yadda aka yi. Ya ce to, ya sake cewa to. Bai warware ƙullin ba. Wuƙa ya sa ya yanke tsumman ta gefe, ya cire shi da ƙullinsa, ya sa a aljihun gaba. Ɗan ragon ya dira, ya ɗaga ƙafar, ya ajiye, ya yi taku biyu kamar mai tsoron ƙasa, sannan ya ruga cikin fararen tumakin.

Ranar ma ya raka ta bakin hanya, a can ne ya roƙe ta abu ɗaya. Ta yi zaton zai ce ta roƙar masa gafara, amma ba shi ya ce ba.

Duk da haka ta roƙar masa. Ta gaya wa Umma yadda ya yanke tsumman ya adana, da tarin da yake yi, da katangar Kado. Umma ta saurara har ƙarshe. Ba ta ce ta ji ba kamar yadda ta saba. Ta ce hanyar ƙauye ba ta biyuwa da robar nan cikin taɓo, a bari damina ta wuce. Abba da ya ji haka sai da ya fita waje ya share ido.

Damina ba ta wuce ba. Wata Alhamis cikin watan takwas, da hantsi, Christina ta shigo ba sallama da waya a hannu, ta ce ƙaninta Dominic ya kira daga ƙauye, Baba ba ya iya tashi, tun jiya bai sha ko ruwa ba. Umma ta miƙe. Ta ɗaura robar, ta zura hijabi, ta riga Juwairiyya fita.

Wata tirela ta faɗi a kan hanyar Nyanya, motoci sun tsaya tun daga gadar Mararaba. Suna cikin bas, zafi, masu talla suna cusa ruwan leda ta taga. Juwairiyya tana ta kiran lambar Dominic don a kara wa tsohon waya a kunne, ana ce mata ba a samun layin. Awa biyu ba su yi tafiyar da ta kai ta ƙafa ba. Can wani masallaci a gefen titi ya kira azahar. Umma tana kallon bayan kujerar da ke gabanta, ta buɗe baki ta ce, da muryar da duk bas ɗin aka ji,

"Baba, na yafe maka. Duniya da lahira."

Wata mata a gefe ta juyo ta dube ta, ta ga ba waya a kunnenta, ta mai da kai.

Sun isa ana dawowa daga maƙabarta. Juwairiyya ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya tana tambayar lokacin da tsohon ya cika. Dominic ya ce kafin azahar ne, don rana ba ta karkata ba. Limamin ƙauyen ya ce a'a, ya idar da salla ke nan aka zo aka kira shi, kuma jikin da ɗumi. Matar da ke kai masa kunu ta ce ita dai ta leƙa ana kiran salla ta ga leɓensa yana motsi, ba ta san ko salati yake ba ko amsa wani yake. Ba wanda ya duba agogo. Har yau Juwairiyya ba ta san ko maganar ta riske shi a duniya ba, Umma kuwa ba ta taɓa tambaya ba.

Wanda ya yi masa wanka ya miƙo musu abin da aka samu a aljihunsa, guntun tsumma da ƙulli. Umma ta karɓa ta juya shi a hannu, ta ba Juwairiyya ta ce a sa a gwangwani. Yana nan tare da hoton. Tumakin aka raba wa matan ƙauyen bisa sharaɗin da ya bari, a kiwata kar a yanka, sai dai kowa ya san sharaɗin ba zai wuce salla biyu ba. Kafin su taho Umma ta zauna a gindin mangwaron ita kaɗai, gari ya yi tsit, Juwairiyya ta ga ta waiwaya sau biyu tana duban bayanta. Ba ta tambaye ta me ta ji ba.

Ɗan ragon ya zama rago, ba ya ko ɗingishi. Abba bai taɓa kawo zancen layya da shi ba.

Ciwon Umma bai tafi ba. Sati biyu bayan rasuwar hadari ya haɗu ta gabas, ta cire robar ta jingine a bango, ta zauna tana kallon tabarma, ta ce yana matse ta. Juwairiyya tana wanke-wanke. Ta ajiye kwanon, ta goge hannu a zani, ta zo ta durƙusa a gabanta. Ta ɗaga bakin zanen Umma, ta duba dungun, ta bi da ido har ƙasa inda babu komai, ta tambaya daga ina zuwa ina. Umma ta daɗe tana kallonta, sannan ta nuna da yatsa, daga nan zuwa nan. Juwairiyya ta ɗora tafin hannunta a kan tabarma daidai wurin, ta bar shi a nan har ruwan ya sauko. Haka take yi tun daga ranar, ko tana tsakiyar me.

Abin da tsohon ya roƙe ta ke nan a bakin hanyar ƙauye, hannunsa dafe da aljihun gaba, mai babur yana jira.

"Amarya, abu ɗaya za ki yi mini. Duk ranar da Mamana ta ce ƙafar nan tana matse ta, kar ki ce mata ta yi haƙuri. Ki tashi ki je ki duba. Ko babu abin dubawa, ki ɗaga zanen ki duba."